Waƙar da Ɗalibi Yake So Ita Ce Allonsa na Farko

Malaman kiɗa da dama, ciki har da waɗanda nake ganin girmansu, suna cewa mai koyon jita ko fiyano ya ajiye waƙoƙin da yake so tukuna, ya haddace ƙa'idoji, wai bin waƙa da kunne wasan yara ne. Suna da hujja, domin wanda ya tsaya ga kwaikwayo kaɗai yakan daskare da zarar mawaƙi ya ɗaga murya ko ya sauke. Ciwon na yarda da shi, maganin ne ban yarda ba.

Mu ɗauki haɗin sautin da ake rubutawa G7. Sautuka huɗu ne ake bugawa tare: so, ti, re, fa. Littafi zai ce tsakanin ti da fa akwai tazarar taku uku cikakku, shi ya sa ba ya zaunuwa a kunne. Gaskiya ne. Amma ɗora yatsunka a kai, ka riƙe, ka ƙi saki. Ti yana neman hawa zuwa do, fa yana neman gangarowa zuwa mi, kai kuma numfashinka ya tsaya. Ka koma haɗin C, sai ka ji kamar an sauke maka tulu daga ka. Ɗalibin da ya ji wannan a cikin waƙar da yake rerawa kullum, gaya masa sunan kawai ya rage.

Mawaƙi Paul McCartney ya sha ba da labarin yadda shi da abokansa suka hau bas suka ratsa Libaful don wani ya nuna musu haɗin B7. Waƙa ce ta tura su. A 1963 ga haɗin nan a waƙarsu "I Saw Her Standing There".

Kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka ma ya saɓa wa littafin. A zagayensa na awo 12, haɗi ukun da ake bugawa duka suna iya ɗaukar sauti na bakwai kamar G7, har da wanda ake sauka a kansa. A ƙa'ida bai kamata a huta a nan ba, amma kunne yana hutawa, kuma sai da sauraro ake gane haka.

Malam, ka ci gaba da koyar da ƙa'ida, tana da amfani. Roƙona ɗaya ne: ranar farko ka tambayi ɗalibinka waƙar da ke bakinsa, ka fara daga nan.