Dubi Launin Hayaƙi Kafin Ka Ɗora Wa Turbo Laifi

Wata rana da hantsi ina tsaye a bakin titin nan da ya taso daga Gumel ya ratsa Malam Madori ya nufi Haɗejiya, sai ga wata tsohuwar mota 'yar Kwatano mai shan man dizal ta gangara gefe, ta sha lodin tattasai, tana ta aman baƙin hayaƙi. Direban idon sani ne. Da muka gaisa sai ya ce, "Malam, turbo ya mutu. An ce sai na je Ƙofar Ruwa a Kano na sayo wani." Motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa maigidansa kowane mako, kuɗin da aka yanka masa kuwa ya fi abin da yake samu a wata biyu. Na ce masa ya dakata tukuna. Da yake na yi zaman gareji ina saurayi, na san sau da yawa turbo ɗaukar laifin wani yake yi.

Bari mu fara da sanin abin da ake kira turbo, domin direbobi da yawa sunansa kaɗai suka sani. Wata 'yar na'ura ce mai kama da dodon koɗi, a cikinta akwai farfela biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji yake fitarwa shi ne ke juya ta farko, ita kuma ta biyun sai ta zuƙo iska ta cusa wa inji da ƙarfi. In iska ta yi yawa sai a ƙara mai, watau ƙaramin inji ya yi aikin babba. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma ba ta shigo ƙananan motoci masu shan dizal ba sai da Mercedes 300SD a 1978 da Peugeot 604 a 1979. Mu kuwa a nan Arewa, manyan makanikanmu a kan 404 da 504 suka ƙware, waɗanda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, kuma babu turbo a jikinsu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in baƙon ƙarfe ya zama shi ake fara tuhuma.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wannan sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma babu abin da ya raba ta da ƙarfen da take kwance a ciki sai ɗan siririn baƙin mai. Iska mai tsabta da baƙin mai mai kyau, su ke nan abincinta.

To, sai a dubi salansa. In hayaƙin baƙi ne wuluk, mota kuma ta rasa ƙarfi a hawa, ma'anarsa mai ya fi iska yawa. Tambayar ita ce, ina iskar ta tafi? A ƙasarmu amsa ta farko filtar iska ce. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye da mu da hunturu ya san irin ƙurar da mota take shaƙa. Filta takan toshe cikin 'yan makonni, sai a kai wa mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage, wani ma ya cire ta ɗungum ya ce mota ta fi gudu haka. Gaskiya ne za ta yi gudu, na ɗan lokaci. Rairayin da zai shiga zai cinye bakin farfela kamar an goga ta a dutsen wasa wuƙa, sa'an nan ya wuce cikin inji ya ci zobban fistin.

In filta lafiya take, sai a bi tiyon da ke ɗauke da iska daga turbo zuwa inji, a bi shi da hannu gaba ɗaya, har ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Robar da ta shekara ashirin tana shan zafi takan tsage. Tsagar ba ta buɗewa sai an taka totur, shi ya sa mota takan yi lafiya lau a gareji, amma da an hau titi da kaya sai a ji tana huci kamar kububuwa. Alamarta ita ce danshin mai da ƙura ta manne a wurin. Abin da muka tarar a motar abokin nawa ke nan: tsaga kamar tsawon ɗan yatsa a gwiwar tiyo. Aka sa wani, aka ɗaure da sabon kilif, hayaƙi ya ɗauke, ya isa Haɗejiya kafin azahar.

Shuɗin hayaƙi mai warin ƙonannen mai ya fi wannan wuyar sha'ani, domin baƙin mai ne yake ƙonewa, kuma ta ƙofa fiye da ɗaya yake shiga. A bar inji a sulo, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. In hayaƙi yana bugowa da ƙarfi har yana ɗaga murfin, zobban fistin sun gaji, ko ka sa sabon turbo fil shi ma zai yi yoyo. In ba haka ba, a kashe mota, a bari ta huce sarai, a cire tiyon gaban turbo a taɓa sandar da yatsa. Ɗan motsi kaɗan zuwa gefe ba laifi ba ne, haka aka yi ta. Amma in tana shiga tana fita, ko farfela tana gogar bango, ko bakinta ya gutsure, to wannan kam ya mutu. Duk da haka kada a ɗaura wani sai an san abin da ya kashe shi. A kwance bututun da ke kawo masa mai da wanda ke mai da shi cikin kwano, a duba ko dattin mai ya daskare a ciki. Na sha ganin an sayi turbo sau biyu a shekara ɗaya saboda bututun da wankewa kawai yake so.

Akwai hatsari ɗaya a nan da ya wajaba kowane direban dizal ya sani. In turbo ya zubar da mai da yawa cikin hanyar iska, inji yana iya kama shan baƙin mansa, ya yi ta ƙara gudu shi kaɗai, ko ka zare makulli ba zai tsaya ba. Ka danne birki, ka sa babbar giya, ka saki kuloci domin ya mutu. Kada ka kuskura ka toshe bakin turbo da tafin hannu.

Farin hayaƙi kuwa galibi babu ruwan turbo. Kaɗan da sassafe a lokacin sanyi ba komai ba ne, ko kuwa hita ce ta raunana. Wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto yana raguwa, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa, wannan gasket ne.

Mu da ke zaune kusa da fadamar Haɗejiya muna da ƙarin matsala, watau ruwa. A ambaliyar 2022 motoci da yawa sun yi ta kutsawa cikin ruwa a inda hanya ta yanke. Inji yana matse iska, amma ruwa ba ya matsuwa, ko kofi ɗaya ya shiga silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. In mota ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murɗa makulli. A turo ta waje, a duba filta, in ta jiƙe a kwance hitoci ko nozul a fitar da ruwan, a kuma juye baƙin mai.

Game da baƙin mai, ni dai ban yarda da na awo a kwalba a bakin titi ba ga mota mai turbo, ko da ya fi araha, domin ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Sa'an nan ɗabi'ar nan ta bankar totur sau biyu kafin a kashe mota, wadda aka gada daga zamanin kabureta, ita ce ke barin sanda tana juyawa bayan mai ya daina zuwa. In ka taso daga Kano da gudu ka iso tasha, bar ta a sulo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. Da safe kuma ka ba ta rabin minti mai ya zagaya kafin ka sa giya.