Na iya nutso a kududdufi tun ina yaro: me ya kamata in sani kafin in shiga teku da tukunyar iska da kyamara?

Tambaya:

Ni mutumin ƙasar Gumel ne, ina fatauci tsakanin kasuwar Maigatari da Kano. Tun ina yaro na iya iyo da nutso a kududdufan garinmu. Ina shirin tafiya Umara, kuma wani ɗan'uwana mazaunin Jidda ya ce idan na kammala zai kai ni Bahar Maliya mu yi nutso irin na masu goya tukunyar iska, mu ɗauki hoton kifaye da murjani. Wace kyamara ya kamata in saya, kuma me ya kamata in sani?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa, ka fara da maganar kyamara, mu kuwa za mu jinkirta ta zuwa can gaba. Abin da ya fi tsaya mana a rai cikin tambayarka shi ne cewar da ka yi ka iya nutso tun kana yaro.

A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar babu babban kogin da ke gudu rani da damina. Ruwan da yaro ya sani shi ne kududdufi, inda aka haƙi ƙasar gini, ya cika a watannin Yuli da Agusta, ya ƙafe da rani. Nutson da ake koya a can ƙa'idarsa ɗaya ce: ka cika huhu, ka riƙe numfashi, ka nutse, ka taso. Haka ma masuntan Argungu suke yi a kogin Matan Fada. Wannan ba ya fasa huhu, domin iskar da mutum ya sauka da ita, ita ce dai yake tasowa da ita. Amma da zarar ka goya tukunya, wannan ƙa'ida ta zama abin da ke kashe mutum, kuma ga dalili.

Iskar da ke kewaye da mu a bakin teku tana danna jiki da wani nauyi da ba ma ji saboda sabo. Mu kira shi matsi ɗaya. Duk mita 10 da ka sauka cikin ruwan teku, wani matsin guda yana ƙaruwa: a mita 10 matsi biyu ne, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Da za ka hura balan-balan a sama ka sauka da shi mita 10, zai tsuke ya koma rabin girmansa. Na'urar shaƙar da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943, wadda har yau a kan tsarinta ake tafiya, aikinta shi ne ta ba ka iska daidai da matsin ruwan da kake ciki. Ke nan idan ka cika huhu a mita 10, iskar da ke ƙirjinka ta ninka wadda yake ɗauka a sama sau biyu. To sai wani abu ya firgita ka, ka riƙe numfashi ka yunƙuro sama. Iskar nan za ta kumbura, ba ta da hanyar fita, sai ta yaga huhu, ƙumfanta ya shiga jini, wataƙila ya kai ƙwaƙwalwa. Wannan na iya faruwa ko daga zurfin da bai kai mita 2 ba. Shi ya sa darasin farko da ake koya wa kowane ɗalibi shi ne kada ya taɓa riƙe numfashi. Wanda bai taɓa nutso ba yakan karɓi darasin cikin sauƙi. Kai kuwa sai ka yi ta maimaitawa a gaban mai koyarwa har jikinka ya sake sabo, domin a lokacin tsoro abin da jiki ya saba da shi tun ƙuruciya shi yake fara tasowa.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Mutane da yawa suna zaton oksijin irin na asibiti ake ɗurawa a tukunyar. A'a, iska ce irin wadda muke shaƙa, aka matse ta kamar sau 200, kuma kusan kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. A ƙarƙashin matsi, naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka, gwargwadon zurfin da ka kai da daɗewar da ka yi. Ka duba kwalbar lemo: kafin a buɗe ba ka ganin ƙumfa, idan aka ɓalle murfin da sauri sai ta tumfayo. Haka jini yake yi idan aka taso da gaggawa. Alamunsa ciwon gaɓoɓi ne, da sagewar hannu ko ƙafa, da jiri, da gajiyar da ta wuce misali, wani lokacin har shanyewar jiki. Domin kauce wa haka ake tasowa a hankali, kamar mita 9 ko 10 a minti ɗaya, a kuma dakata minti 3 a zurfin mita 5. Maganinsa idan ya auku shi ne oksijin tsantsa nan take, sannan a kai mutum ɗakin matsin iska na asibiti. Kafin ka taka jirgin ruwa, tambayi masu shi ko suna ɗauke da oksijin, da kuma inda irin wannan ɗaki mafi kusa yake.

A nan ne maganar ta shafi mai Umara kai tsaye. Mun san al'adar mutanenmu: sai an gama ibada, an sayi tsaraba, sannan a cusa yawon buɗe ido a rana ta ƙarshe. Alhali matsin iskar da ke cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, yakan yi daidai da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Wanda ya fito daga teku da sauran naitirojin a jikinsa ya hau jirgi, ya sake ɓalle murfin kwalbar ne. Ƙa'idar da masana lafiyar nutso suka bayar ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya ko na kwanaki a jere. Shawararmu ka ba shi awa 24 cur. Kuma ka lura, hawa Ɗa'if daga Jidda hukuncinsa ɗaya da hawa jirgi, domin garin yana bisa tsauni kimanin mita 1,800. Idan kuwa ciwo ya taso maka bayan ka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ko kana kan hanyar Gumel, ka gaya wa likita baki da baki cewa ka yi nutso da tukunya. In ba ka faɗa ba, babu abin da zai kai tunaninsa can, zazzaɓin cizon sauro ko gajiyar tafiya zai fara zato.

Akwai waɗanda nutson tukunya bai kamace su ba sam. Mai ciwon sikila yana sahun gaba, ciwon kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu. Haka mai farfaɗiya, da mace mai juna biyu. Mai asma, da mai ciwon zuciya ko suga, da wanda gwajin jininsa ya nuna AS, su fara ganin likita. Ko mura ma tana hana shiga ruwa a ranar, domin hanci a toshe ba ya barin mutum ya daidaita matsin kunnensa, dodon kunne na iya fashewa.

Zumuncin ɗan'uwanka ba ya maye gurbin mai koyarwa. Ƙungiyoyi irin su PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, suna da makarantu a Jidda da Yanbu. Karatun matakin farko yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu: darasi, da gwaji a ruwa mara zurfi, da nutso huɗu a teku, sannan a ba ka shaidar da iyakarta mita 18. In ba ka da waɗannan kwanaki, akwai nutson ɗanɗano na yini ɗaya, mai koyarwa yana gefenka, ba a wuce mita 12. Ba a nutso mutum ɗaya. Kuma kada ka yarda da tukunyar da ba ka san inda aka cika ta ba. Ka san yadda hayaƙin janareta ke kashe mutane a ɗaki, da yadda gurɓatacciyar iska ke kayar da mai yasar rijiya. Idan injin ɗura iska ya zuƙi hayaƙi, gubar ta shiga tukunya ke nan, kuma ƙarfinta yana ƙaruwa da zurfi.

Yanzu sai kyamara. Ruwa yana cinye launi. Ja ne yake fara ɓacewa, tun wajen mita 5, ruwan goro ya bi shi, sannan rawaya, har komai ya koma shuɗi-shuɗi. Hotunan murjani masu ƙyalli da kake gani a waya, da fitila aka ɗauke su, kuma daga kusa ƙwarai. Gilashin fuska kuma yana ruɗin ido: abu yakan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma yi kamar ya matso, sai ka zaci ka isa kusa alhali da saura. Fitilar ma tana da nata sharaɗi. Ka tuna tuƙi da dare a hanyar Maigatari lokacin hazo, yadda hasken mota ke bugun ƙura ya dawo maka ido. Haka fitilar da ke manne da kyamara take haska ɓurɓushin da ke yawo cikin ruwa, hoto ya fito da fararen ɗigo-ɗigo. Shi ya sa ake ɗora ta a kan wani hannu, ta haska daga gefe.

Ƙananan kyamarori irin su GoPro na 'yan shekarun nan suna jure mita 10 su kaɗai, da akwatinsu kuwa har mita 60. Olympus Tough TG-6 tana jure mita 15. Wayar da aka ce ba ta jin ruwa, a ruwan daɗi mara motsi aka gwada ta, ruwan gishiri yana cin ƙarafunanta, Bahar Maliya kuma tana cikin tekunan da suka fi gishiri. Rayuwar kyamara duka tana rataye ne a kan wani siririn zoben roba da ke bakin akwatin. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya a kansa ya isa ruwa ya shiga. Mutumin da jakarsa ta sha ƙurar hunturun Gumel sai ya ninka kula: ka ciro zoben, ka goge, ka shafa masa ɗan man da aka yi dominsa, ka rufe akwatin a ɗaki mai tsabta. Kafin ka sa kyamara, ka sa takarda a ciki ka nutsar da shi a bokiti ka ga ko za ta jiƙe. Bayan an fito daga teku kuma a jiƙa shi cikin ruwan daɗi kafin a buɗe.

Amma ra'ayinmu shi ne kada ka sayi komai a wannan tafiya, kada ma ka riƙe kyamara a nutsonka na farko. Mai ɗaukar hoto yakan riƙe numfashi don kada hannunsa ya girgiza, kai kuwa ka ji abin da wannan ke jawowa. Yakan shagala ya manta da duba ma'aunin iskarsa, ya kuma tattake murjani da ƙafa bai sani ba. Murjani halitta ce mai rai, wani nau'insa kimanin santimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara, wani kuma yana ƙuna idan an taɓa shi. Mai koyarwa zai iya ɗaukar maka hoton.

Akwai kuma hanyar da ta fi dacewa da kai. Launukan da suka fi kyau suna cikin mita 5 na farko, inda hasken rana ke isa. Da gilashin fuska da ɗan bututun shaƙa da takalmin iyo, ba tare da tukunya ba, za ka kwanta a saman ruwa ka kalli murjani da kifayensa, ka ɗan nutsa ka taso yadda ka saba, muddin akwai wanda yake kallon ka. A nan iyawarka ta kududdufi za ta yi maka rana, ƙaramar kyamara kuma ta wadatar. Sai dai kada ka koma kududdufin gida da sunan gwaji: ruwan ya yi duhun da ba a ganin komai, ga kuma tsargiya.

Ta fuskar addini, rigar nutso tana manne wa jiki, sai namiji ya ɗora wando mai yalwa a kanta, mace kuma ta nemi suturar iyo mai rufe jiki da mai koyarwa mace, akwai su a Jidda. Kada a ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba, a kuma tsara fita yadda salla ba za ta kuɓuce ba. Idan Umararka ta faɗo cikin Ramadan, ka bar nutso da rana. Da wuya ruwa bai shiga baki ko hanci ba, a mazhabar Malikiyya kuma ruwan da ya isa maƙogwaro yana wajabta ramuwar azumin farilla, sannan ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da likitoci ke gargaɗin mai nutso a kansu.

Allah ne Mafi sani.