0.0.0.0/0: Lambar da ke buɗe rumbun bayanai ga duk duniya

Duk wanda ya taɓa yin rajista a manhajar sayen data, ko ya cike fom a shafin makaranta, ko ya buɗe asusu a wata manhajar adashe, to sunansa da lambar wayarsa, wani lokaci har da NIN ko BVN ɗinsa, suna ajiye a wani wuri da bai taɓa gani ba. Wurin shi ake kira rumbun bayanai. A yau galibin rumbunan nan ba a shago ko ofis suke ba, suna kan kwamfutocin haya na kamfanoni irin su Amazon, Google, Microsoft da DigitalOcean, tsarin da ake kira kilawud, wasu kuma su ce gajimare. Manhajar da matashi ya haɗa a ɗakinsa a Wudil, rumbunta na iya kasancewa a Frankfurt ta Jamus, ko a Cape Town ta Afirka ta Kudu inda Amazon ya buɗe cibiyarsa a Afrilun 2020.

Wudil ba baƙon wannan harka ba ne. A garin ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take, wadda aka fi sani da KUST kafin a sauya mata suna a 2022. Ɗalibin kwamfuta da ya rubuta furojet ɗinsa na ƙarshe, gobe shi ne zai haɗa wa makarantar Islamiyya shafin duba sakamako, ko ya haɗa wa wani ɗan kasuwar Juma'a manhajar lissafin bashi. Daga ranar da bayanan mutane na gaske suka shiga rumbun, abin ya tashi daga gwaji ya koma amana. Akwai kuma wani saiti guda ɗaya da masu koyo ke yawan taɓawa, wanda shi kaɗai ya isa ya zubar da amanar.

Yadda ake shiga rumbu

Kowace kwamfuta da ke intanet tana da lambar adireshi da ake kira IP. A kan adireshin kuma akwai ƙofofi masu lamba, kowace da aikinta. Shafin intanet yana amsawa a ƙofa ta 443. Rumbunan bayanai ma kowanne da tasa: MySQL tana 3306, PostgreSQL 5432, MongoDB 27017, Redis 6379, SQL Server kuma 1433. Waɗannan lambobi ba sirri ba ne, suna rubuce a littafin koyarwar kowane rumbu.

Kamfanin kilawud yana ba mai haya katangar tsaro, wadda a cikinta zai rubuta adireshin da aka yarda ya taɓa kowace ƙofa. Idan aka rubuta adireshi ɗaya aka bi shi da /32, ma'ana wannan kwamfutar ce kaɗai. Idan kuwa aka rubuta 0.0.0.0/0, ma'ana kowane adireshi a duniya. A MongoDB Atlas maɓalli ɗaya ne kawai, an rubuta masa "Allow access from anywhere". A RDS na Amazon kuma akwai zaɓin da ke ba rumbun adireshin fili, sai a haɗa shi da waccan lambar a katanga, shi ke nan an gama buɗewa.

Me ke sa mutum mai hankali ya danna wannan maɓalli? Ba sakaci ba ne kawai, akwai dalili na zahiri, kuma ya fi shafar masu aiki daga wurare irin Wudil. Mai haɗa manhaja a nan da datar waya yake aiki, ya kunna hospot ya jona laftop. Kamfanonin layi irin MTN, Airtel da Glo ba sa ba kowane mai waya adireshi na dindindin. Adiresoshin tsarin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, sun yi wa duniya kaɗan, don haka ake tara masu waya da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma adireshin na iya sauyawa da zarar sabis ya ɗauke ya dawo. Mutum ya saka adireshinsa a katanga da safe komai na aiki, da la'asar ya dawo rumbu ya ƙi amsawa. Ya gyara, washegari ya sake ƙi. A karo na uku sai ya gaji, ya buɗe wa kowa da niyyar zai rufe in ya gama. Ba kasafai ake komawa a rufe ba.

"Wa ya san da ni?"

Hujjar da aka fi ji ita ce manhajar ƙarama ce, masu amfani da ita ba su kai ɗari biyu ba, wane ɗan kutse ne zai ɓata lokacinsa a kanta? Matsalar wannan hujja ita ce ba mutum ne ke zaune yana neman ba. Manhajoji ne masu sarrafa kansu ke bin adiresoshin duniya ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofofi, dare da rana. Tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da ZMap, wadda ke iya zagaye duk adiresoshin IPv4 a kan ƙofa ɗaya cikin kusan minti 45. Akwai kuma Shodan, injin bincike da John Matherly ya buɗe a 2009, wanda aikinsa shi ne lissafa na'urorin da ke amsawa a intanet. Waɗannan na masu bincike ne, amma ɓarayi ma da irinsu suke aiki. Ga irin wannan manhaja babu bambanci tsakanin banki a Legas da furojet ɗin ɗalibi a Wudil, duk ƙofa ce da ta amsa.

An ga abin da hakan ke haifarwa. A Janairun 2017 masu kutse suka bi rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe babu kalmar sirri, suna share abin da ke ciki su bar takardar neman kuɗin fansa da bitkoyin. Cikin 'yan kwanaki adadin ya haura 27,000, kuma akwai waɗanda suka biya amma ba su samu komai ba, domin ɓarayin ba su ma kwafi bayanan ba kafin su goge. A Yulin 2020 aka yi wani harin da aka laƙaba wa suna Meow, wanda ya lalata dubban rumbunan Elasticsearch da MongoDB. Shi ko kuɗi bai nema ba, gogewa kawai yake ya bar kalmar kukan kyanwa a wurin.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A Janairun 2025, daidai lokacin da manhajar DeepSeek ta China ke tashe a wayoyin mutane, kamfanin tsaro na Wiz ya gano wani rumbunta na ClickHouse a buɗe, babu kalmar sirri, ɗauke da layukan bayanai sama da miliyan 1, ciki har da hirarrakin masu amfani da manhajar. An sanar da kamfanin ya rufe nan take.

Wani zai ce ai nasa rumbun yana da kalmar sirri. Gaskiya ne ya fi wanda ba shi da ita, amma ƙofar da ke kallon titi kowa na iya tsayawa ya yi ta gwada makulli, kuma duk ranar da aka gano wata ɓaraka a manhajar rumbun kanta, waɗanda ke fili su ake fara ci.

Tsarin da ya dace

Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya riga ya san tsarin. Baƙo a zaure yake tsayawa, rumbun hatsi kuwa yana can ciki, ba a yi masa ƙofa ta titi. A kilawud ma haka ake yi: mai haya yana keɓe fili nasa, wanda Amazon da Google ke kira VPC, ya raba shi biyu. Sabar da ke karɓar saƙon wayoyin mutane tana ɓangaren waje, ƙofarta ta 443 a buɗe. Rumbun yana ɓangaren ciki, da adireshin cikin gida irin wanda ke farawa da 10, wanda ba a iya kaiwa gare shi daga intanet. Sai a rubuta wa katangar rumbun doka ɗaya tak, cewa ƙofa ta 5432, ko wadda rumbun ke amfani da ita, sabar manhaja kaɗai za ta amsa wa. Wanda ke da saba ɗaya ta haya, da manhaja da rumbu duk a kanta, aikinsa ya fi sauƙi: ya saita rumbun ya saurari 127.0.0.1 kawai, wato kwamfutar da yake kai. MongoDB kanta ta mayar da wannan saitinta na asali tun daga sigar 3.6.

Saura matsalar hospot, wadda ita ce asalin abin da ya jawo buɗewar. Maganinta shi ne a daina tantance mai shiga da adireshinsa, a koma tantance shi da makulli. Hanya mafi arha ita ce SSH: mutum ya shiga sabarsa da makullin sirri da ke laftop ɗinsa, daga nan a zarce da shi rumbu ta cikin gida. Manhajojin duba rumbu irin DBeaver, pgAdmin da MySQL Workbench duk suna da wurin saita wannan. Ko adireshin waya ya sauya sau goma a rana, makullin na nan. Sharaɗin shi ne a kashe shiga SSH da kalmar sirri gaba ɗaya. Akwai kuma WireGuard da Tailscale, masu haɗa laftop da saba su zama kamar suna gida ɗaya. Masu amfani da Google suna da Cloud SQL Auth Proxy, na Amazon kuma Session Manager, wanda ko ƙofar SSH ba ya buƙatar a buɗe.

Idan dole ta sa sai an saka adireshin waya a katanga, Atlas na da zaɓin wucin gadi da ke goge kansa bayan awa 6, kwana ɗaya ko mako guda. Sai dai a sani, tunda masu layi da yawa ke raba adireshi ɗaya, an buɗe wa su ma.

Akwai tarko biyu da ke kama har waɗanda suka kiyaye. Na farko Docker ne. A sabar Ubuntu mutum zai rufe ƙofofi da ufw ya kwanta da daɗi, alhali Docker na rubuta nasa dokokin da ke tsallake na ufw, duk ƙofar da aka fitar da -p 5432:5432 tana fili. Gyaran shi ne a rubuta 127.0.0.1 a gaban lambar, ko ma kada a fitar da ƙofar sam. Na biyu kuwa shi ne saka adireshin rumbu da kalmar sirrinsa a cikin manhajar Android. Fayil ɗin APK ana iya warware shi da kayan aiki na kyauta a karanta abin da ke ciki, don haka wayar mai amfani da saba ya kamata ta yi magana, sabar ce za ta yi magana da rumbu. Firebase da Supabase an gina su ne don waya ta taɓa su kai tsaye, can kuma dokokin izini ne katangar. Yanayin gwaji na Firebase yana barin kowa ya karanta ya rubuta har tsawon kwana 30, kuma wanda ya tsawaita wa'adin maimakon ya rubuta dokoki na gaske bai bambanta da mai 0.0.0.0/0 ba.

Doka ma ta shigo ciki. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Duk mai riƙe da bayanan mutane, idan aka yi kutsen da ka iya cutar da su, wajibi ne ya sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Ta ɗaya gefen, shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, ko da an tarar da ƙofar a buɗe.

Gwajin da mutum zai yi wa nasa rumbun bai ɗaukar minti biyar. Ya kashe SSH da duk wata hanyar sirri, ya jona laftop da layin da bai taɓa sakawa a katanga ba, sannan ya nemi ƙofar rumbun da nmap, misali nmap -Pn -p 5432 da adireshin sabar. Idan amsar ta nuna "filtered" ko "closed", katanga na aiki. Idan ta nuna "open", sai a rufe a take, a sauya kalmar sirri, a kuma duba rajistar shiga don ganin adiresoshin da suka riga suka ƙwanƙwasa.