Haihuwa ba aure: Shin mace na rasa gadonta a Zamfara?

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, gona ita ce dukiya. Idan magidanci ya rasu, ranar rabon fili ce ke raba mai abin dogaro da wanda zai zauna hannu rabbana. A irin wannan zama ne akan tura mace gefe idan ta taɓa haihuwa ba tare da aure ba, wai ta zubar wa gida mutunci.

Matsalar tsaro ta ƙara wa maganar nauyi. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun afka wa Damri da Kalahe da Sabon Gari a Ƙaramar Hukumar Bakura, suka kashe aƙalla mutum 48. A sassan jihar kuma akwai mata da 'yan mata da aka sace, suka dawo gida da ciki ko da goyo. Wasunsu iyayensu maza sun riga mu gidan gaskiya, rabo ya koma hannun 'yan'uwa maza.

Sai dai mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Zamfara ke aiki da ita, ba ta ba kowa damar hana irin wannan mace gadon ubanta ba. Kisan wanda za a gada da gangan yana hana gado, haka ma bambancin addini. Cikin shege ba ya raba 'ya da ubanta. Tana nan da rabin kason ɗan'uwanta namiji, idan kuma ita kaɗai ce 'ya, rabin dukiyar nata ne. Jaririnta zai gaje ta, ita ma za ta gaje shi. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa babu laifi a kanta tun farko. Wanda duk ya riƙe gonarta da sunan kare martabar gida, cin haƙƙi yake yi, ba addini ba.

Inda gardamar take shi ne tsakanin yaron da mutumin da ya yi cikin. A fiƙihu babu nasaba tsakaninsu, don haka babu gado. Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuwa, a sashe na 42(2), ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin da aka haife shi. Da wannan sashe Kotun Ƙoli ta yi aiki a watan Afrilun 2014 a shari'ar Ukeje, inda ta tabbatar wa Gladys Ada Ukeje kaso a dukiyar mahaifinta da ya rasu a 1981, ta kuma soke al'adar Ibo ta hana 'ya mace gado. Amma wannan hukunci a kan al'ada ya faɗa. Shi kansa kundin, a sashe na 277, ya bar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin gadon Musulmi.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar CEDAW ta kawar da wariya ga mata a 1985, da ta Maputo a 2004, wadda ta yi magana kan gado a fili. Majalisar Tarayya ba ta mayar da su dokar cikin gida ba, saboda haka alƙali a Bakura ba shi da tilas ya buɗe su.

To me ke hana mace neman abin da yake nata? Kunya na ciki, amma tsoro ya fi. Zamfara ce ta fara aiwatar da dokar laifuka ta Shari'a a Janairun 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. A Satumbar wannan shekara wata kotu a Tsafe ta yanke wa Bariya Ibrahim Magazu bulala 180 bayan an gan ta da ciki. Ta ambaci maza uku, suka musanta, babu wanda aka hukunta. Daga baya aka cire 80 na ƙazafi, aka yi mata 100 a Janairun 2001. Tunda a Malikiyya ciki kan zama hujja a kan mara aure, mai goyo da ta je ƙarar gona tana iya jin kamar kanta ta kai ƙara. Ba kowace ce ta san cewa Safiya Husseini a Sakkwato a 2002, da Amina Lawal a Katsina a 2003, sun kuɓuta a kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a ba.

Ga yaron ma akwai ƙofa a cikin fiƙihun. Mutum na iya yi masa kyautar gona ko gida yana raye, muddin an damƙa masa ko waliyyinsa kuma akwai shaidu. Yana iya yi masa wasiyya har zuwa sulusin dukiya, tunda ba magaji ba ne, kuma magada ba su da ikon hanawa. Ana fitar da wasiyyar ne bayan kuɗin jana'iza da biyan bashi, kafin a fara rabo.