Sujadar Hausa Da Ta Turanci: Ina Ikkilisiyoyin Bishara Na Arewa Suka Dosa?

Duk wanda ya san manyan majami'un ECWA, COCIN ko EYN a Jos, Kaduna, Bauchi da Gombe ya san yadda safiyar Lahadi ta koma. Sujada ta rabu gida biyu, ta Turanci da ta Hausa, a wasu wuraren ma har gini an raba, kowane ɓangare da fastonsa da dattawansa da asusunsa. Ta Turanci cike take da ɗalibai da ma'aikata da sababbin ma'aurata, ga jita, ga piyano, ga majigi yana haska baitocin waƙa a bango. Ta Hausa kuwa furfura ta fi yawa: iyaye mata cikin ankon Zumunta, malaman makaranta da sojoji masu ritaya, da waɗanda ba su daɗe da barin ƙauye ba, kowa riƙe da Littafin Waƙoƙi da ya sha hannu. A zamanin kakanni Hausa ce uwar sujada, Turanci ɗan ƙari ne saboda baƙi. Yau a birane lissafin ya juye.

Tun asali larura ce ta ɗora Hausa a kan bagade. 'Yan mishan na SIM sun iso a 1893, na SUM suka sauka Wase a 1904, na Ikkilisiyar 'Yan'uwa suka kafa sansani a Garkida a 1923. Da yake Turawan mulkin mallaka sun taƙaita musu shiga masarautun Musulmi, sai aikinsu ya yi ƙarfi a tsakanin Berom, Ngas, Bajju, Atyap, Tangale, Bura da makamantansu. Harsuna ne barkatai, ba mai iya koyonsu duka, ga Hausa kuma ta riga ta zama harshen kasuwa da na hukuma. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, ita ta yanke magana. Makarantun Baibul suka riƙa yaye masu bishara da Hausa, har ta kai ɗan Tangale yana iya hawa mumbari a ƙasar Kagoro a fahimce shi. Da aka kafa ECWA a 1954, da tarayyar da ake kira TEKAN yanzu a 1955, Hausa ce igiyar da ta ɗaure ƙabilun nan wuri guda.

To, me ya sassauta igiyar? Babban dalili shi ne makaranta. Daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 zuwa yaɗuwar makarantun kuɗi, an tashi yaran da da Turanci suka koyi karatu. Suna cinikin kasuwa da Hausa, suna raha da ita, amma a miƙa musu Zabura a ce su karanta a gaban jama'a, sai harshe ya sarƙe.

Sai kuma gasa. Ikkilisiyoyin Fantikostal irin su Redeemed, da Living Faith wadda ta yi hedikwata a Kaduna kafin ta koma Kudu, da Dunamis da aka kafa a Abuja a 1996, sun zo da Turanci da kiɗa na zamani da wa'azin nasara da buɗi. Matasa suka yi ta zamewa. Dattawan tsofaffin ikkilisiyoyi suka ga idan ba su buɗe sujadar Turanci ba, 'ya'yansu za su ƙare a gidan wasu.

Akwai kuma horon fastoci. Manyan makarantun tauhidi, kamar TCNN ta Bukuru da ta fara a 1959 da JETS ta Jos da aka buɗe a 1980, da Turanci suke koyarwa, littattafansu ma haka. Wanda ya yi shekaru yana nazari da Turanci yakan ji nauyin mayar da iliminsa Hausa. Ba a kuma ɓoye cewa baiko ya fi kauri a ɓangaren ma'aikata, don haka kujerar can ta fi farin jini.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Rikice-rikicen Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000 da Jos a 2001 sun raba unguwanni, sun kuma sa wasu suna kallon Hausa a matsayin harshen waɗanda suka danne kakanninsu. Ga masu wannan ra'ayi, gara Turanci ko harshen gida.

Ba za a ce sauyin bai yi amfani ba. Ya riƙe matasa da dama da da sun tafi. Ya buɗe ƙofa ga Bayarabe da ɗan Ibo da aiki ya kawo Arewa, da gidajen da mata da miji ba harshensu ɗaya ba. Ya kuma farkar da ƙabilu su nemi Littafi Mai Tsarki da harsunansu, aikin da cibiyar fassara ta NBTT da ke Jos take yi shekara da shekaru.

Amma asarar ma ba ƙarama ba ce, kuma a gida take farawa. Uwa ta tafi sujadar Hausa, 'ya'ya sun tafi ta Turanci, sun ji wa'azi daban, sun rera waƙa daban. Da dare in an zauna addu'ar iyali, waƙar da uwa ta ɗauko 'ya'ya ba su san amshinta ba, ayar da suka haddace ita kuma ba ta ji. Ikkilisiyoyin da suke koyar da cewa gida ne makarantar bangaskiya ta farko, su ne kuma suke raba iyali tun daga ƙofar majami'a.

Asara ta biyu ta shafi tauhidin kansa. Ginshiƙin koyarwar ikkilisiyoyin bishara shi ne kowane mai bi ya karanta Maganar Allah da kansa, ya gane. Suna kafa hujja da ranar Fentikos, inda kowa ya ji saƙon da harshensa, da gargaɗin Bulus ga Korintiyawa a kan magana a taro da abin da jama'a ba sa fahimta. Byang Kato, ɗan Kwoi da ya riƙe sakataren ECWA kuma ya rasu a 1975, ya tsaya a kan a isar da bishara ta hanyar da ɗan Afirka zai gane ba tare da an taɓa ainihinta ba. Alhali da yawa daga masu zama a sujadar Turanci, Turancin nasu na jarrabawa ne. Suna amsa amin, amma in ciwo ya yi tsanani ko an yi rashi, da Hausa ko harshen gida suke kuka ga Allah.

Na uku, ana neman mantawa da mutanen da Hausa ce harshensu na uwa. Akwai Hausawa Kirista a Wusasa da ƙauyukan Kano, Katsina da Zariya, da yawansu zuriyar Maguzawa. Akwai 'yan'uwansu a Maraɗi da Tsibiri da Galmi a Nijar, inda Turanci ba ya ci. Masu bisharar da ake turawa karkara ma da Hausa suke aiki. Haka nan harshen da Kirista da Musulmi suke gaisawa da shi, su yi wa juna barka da jaje, shi ne Hausa. Ikkilisiyar da ta saki harshen maƙwabcinta ta rage hanyar da za su fahimci juna.

Abin lura shi ne Hausa ba ta mutu a zukata ba. Mawaƙa irin su Panam Percy Paul, Jeremiah Gyang da Solomon Lange sun kai waƙar Hausa har majami'un Legas. A sujadar Turanci ma, da zarar Zumuntar Mata sun buga tulu sun kaɗa caki, sai ka ga masu kwat sun miƙe. Inda Hausa ta ja baya shi ne karatu da koyarwa da rubutu.

Saboda haka laifin ba na Turanci ba ne, laifin yana ga mayar da ɓangaren Hausa saniyar ware. Gyaran kuwa yana hannun shugabanni. Makarantun tauhidi su wajabta wa ɗalibai koyon wa'azi da rubutu da Hausa. A tura ƙwararrun fastoci ɓangaren Hausa, a daidaita albashinsu da na takwarorinsu. Makarantar Lahadi ta koya wa yara karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ko harshen gida, a kuma riƙa haɗa sujada lokaci zuwa lokaci don iyali su zauna a benci ɗaya. Masu ilimi su rubuta sharhi da littattafan koyarwa da Hausa, kada a bar mai bisharar ƙauye da tsofaffin takardun 'yan mishan. Iyaye kuma su fara daga addu'ar gida, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.