Ƙarfen da Ke Haska Fuskar Wayarku Ya Shiga Harkar Haɗa Magani

Idan wayarku tana da fuska irin ta AMOLED, kamar Samsung Galaxy ko Tecno Camon 20, to akwai wani ƙarfe a cikinta mai suna iridiyam. Ba zallarsa ake sakawa ba. Ana kewaye ƙwayar ƙarfen ne da wasu sinadarai masu kabon, su riƙe ta a tsakiya. Da zarar lantarki ya ratsa wannan haɗi, sai ya fitar da haske ja ko kore. Masana a jami'o'in Princeton da Kudancin Kalifoniya a Amurka ne suka nuna amfanin nau'in mai bayar da kore a 1999.

Masu haɗa sinadarai kuwa sun juya lamarin. Maimakon su ba shi lantarki ya ba da haske, sai su haska shi da fitila. Hasken yana zaburar da ƙarfen, ya miƙa wa wani sinadari elektiron guda ɗaya ko ya karɓa daga gare shi. Wannan musaya ce ke sa sinadarai biyu da a da ba sa jituwa su haɗu, ba tare da an dafa su da zafi mai tsanani ba. Shi kuma ƙarfen ya koma yadda yake, ya ci gaba da aiki, kamar dillalin da ya haɗa ciniki ya wuce na gaba.

Fagen ya bunƙasa ne daga 2008, lokacin da David MacMillan da David Nicewicz, da kuma Tehshik Yoon, suka yi aiki da haɗin wani ƙarfe mai suna ruteniyam. A yau fitilar LED mai shuɗin haske aka fi amfani da ita, wadda ta sa Akasaki da Amano da Nakamura suka ci kyautar Nobel a 2014.

Ina ruwan matashin Rogo Sabon Gari da wannan? Ku dubi gonakin masara na Rogo da Karaye da damina. Koren da ke jikin ganye, wato kulorofil, shi ma haɗin ƙarfe ne: ƙwayar magniziyam ce a tsakiyarsa, kuma da shi tsiro ke kama hasken rana ya haɗa abincinsa.

Daminar nan kuma ita ce ke zuwa da sauro. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro, kuma maganinsa da ake saya a kemis, irin su Coartem, daga sinadarin artemisinin ake samo shi. A 2013 kamfanin Sanofi ya fara haɗa artemisinin da taimakon haske a masana'antar da yake da ita a lokacin a Garessio a Italiya. A 2018 kuma masana a cibiyoyin Max Planck na Jamus suka nuna cewa kulorofil ɗin ganyen da ake tatsar maganin daga gare shi zai iya yin wannan aiki.

Babbar matsalar ita ce tsada. Iridiyam da ake haƙowa a duk duniya bai kai tan 10 a shekara ba, akasari daga Afirka ta Kudu. Shi ya sa masana suka duƙufa neman madadinsa a jan ƙarfe da baƙin ƙarfe. Dalibin da ke sha'awar kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello, ga fage nan a buɗe, domin rana dai ba ma sayen ta.