Sanƙarau: Dakarun cikin jini na buƙatar agaji

Lokacin iskar hunturu da zafin bazara, a Galma da sauran ƙauyukan Madawa, shi ne lokacin cutar sanƙarau. A shekarar 2015 ta kashe mutane sama da 500 a Nijar.

Ƙwayar cutar tana ɗauke da dafi a fatarta, wanda ke haddasa zazzaɓi mai tsanani. Fararen ƙwayoyin jininmu kuwa suna fitar da wani sinadari mai suna BPI, da masana suka gano a Amurka a shekarun 1970. Yakan maƙale wa dafin, ya huda ƙwayar ta mutu. Sai dai in ƙwayoyin suka yi yawa, sukan rinjayi dakarun nan.

Saboda haka uwargida, da zarar yaro ya yi zazzaɓi wuyansa ya sanƙare, ki rufe rumfa ki kai shi asibiti a ranar, kada ki jira kasuwa ta watse. In kuma aka zo allurar rigakafi, a kai yara duka.